Tambaya da Amsa: Tsofaffin Dokokin Sadarwa, Wacce Za a Soke, Wacce Za a Bari?

Wasiƙun da suka shigo wannan fili a wannan wata sun karkata ne ga batun dokokin sadarwa, kuma mafi yawansu daga Jihar Gombe suka fito, don haka muka ware shafin gaba ɗaya dominsu. Kamar yadda aka saba, mun taƙaita tambayoyin, mun kuma sakaya sunayen waɗanda suka aiko su.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na ji a rediyo cewa hukumar sadarwa ta Amurka tana ta soke tsofaffin ƙa'idojinta. Mene ne gaskiyar wannan magana, kuma idan muka yi irin haka a Najeriya, kuɗin kira da na data zai sauka? Daga wani ɗalibin jami'a, Tudun Wada, Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗalibi. Abin da ka ji gaskiya ne. Hukumar da ake magana a kanta ita ce FCC, wadda aka kafa a shekarar 1934, kuma a watan Maris na 2025 shugabanta, Brendan Carr, ya nemi kamfanoni da ƙungiyoyi da ɗaiɗaikun jama'a su nuna masa duk ƙa'idar da suke ganin ta daina amfani domin a goge ta. Cikin waɗanda aka fara gogewa akwai ƙa'idojin wayar tangaraho da na rumfunan tarho na bakin titi, abubuwan da su kansu Amurkawan suka daɗe da barinsu. Irin wannan aiki yana da kyau, domin yana rage wa ƙaramin kamfani wahalar karanta shafuka barkatai kafin ya gane abin da ya hau kansa, amma ba ya rage wa kowa ko sisi a kuɗin kira, tunda ƙa'idar da ba ta ɗaure kowa ba, babu wanda sokewarta za ta kwance. Inda ake kai ruwa rana a can shi ne ƙa'idojin da har yanzu suke taka wa manyan kamfanoni birki, kamar iyakar yawan tashoshin da kamfani ɗaya zai mallaka. Amurka ta taɓa ɗanɗana sakamakon wannan. A 1996 dokarta ta sadarwa ta cire iyakar yawan gidajen rediyon da kamfani ɗaya zai mallaka a faɗin ƙasar, kuma cikin 'yan shekaru kamfanin Clear Channel ya tashi daga tashoshi kimanin 40 zuwa sama da 1,000, ƙananan garuruwa da dama suka wayi gari tasharsu tana watsa shirin da aka haɗa a wani birni mai nisa.

Mu a nan gida ba sai mun aro misali daga waje ba, domin sokewar da ta fi kowace amfani a tarihin sadarwarmu a gaban idon iyayenka aka yi ta. Tun da aka kafa kamfanin waya na gwamnati, NITEL, a 1985, shi kaɗai ya yi babakere a harkar waya, kuma har zuwa shekarar 2000 layukan da ke aiki a duk Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 100. Wanda ya yi wayo a Gombe kafin a ƙirƙiri jihar a 1996 zai tuna cewa tarho abin ofisoshin gwamnati ne da gidajen manyan attajirai, kuma mai son magana da ɗansa da ke Legas sai ya roƙi alfarma a gidan mai waya, a yanka masa lokaci, ya zauna a zaure yana jiran ta yi ƙara, wani lokaci ya tashi ba ta yi ba. Dokar soja mai lamba 75 ta 1992 ita ta buɗe ƙofa a takarda, ta kuma kafa hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, wato NCC, amma ba a ga aiki a ƙasa ba sai a watan Janairun 2001, lokacin da aka yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya, kamfanonin MTN da Econet suka fara aiki a watan Agusta na wannan shekarar. A farkon lamarin, layi kaɗai yakan kai naira 20,000 ko fiye, kira kuma naira 50 ne a minti ɗaya, ko da daƙiƙa biyar ka yi ka kashe. Da Globacom ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa, dole waɗanda suka riga shi suka bi sahu. Yau layukan da ke aiki sun haura miliyan 150.

Sai dai ka lura da abin da aka soke da kuma abin da aka kafa a madadinsa. An soke babakeren kamfanin gwamnati, amma a 2003 aka yi sabuwar dokar sadarwa wadda ta ƙara wa NCC ƙarfi fiye da na da. Ita ce ta wajabta wa kamfanoni su haɗa layukansu da juna, ba don haka ba da babban kamfani ya hana kiransa shiga layin ƙarami har ƙaramin ya durƙushe, kuma a ƙarƙashinta ne aka ba ka damar sauya kamfani ba tare da ka rasa lambarka ba tun daga 2013. Idan aka rushe shingen da ya hana sababbin 'yan tireda shiga kasuwar hatsi, farashi zai sauka. Idan kuma aka kori mai duba mudu da sunan 'yanci, mai saye ne zai koma gida da awon da bai cika ba. Da wannan nake auna kowace doka da aka ce ta tsufa: ba na tambayar shekarunta, ina tambayar wanda take karewa.

Game da kuɗin kira kuwa, kada ka sa rai da yawa. A watan Janairun 2025 NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara farashi da abin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba, karo na farko cikin fiye da shekara goma, kuma hujjojin da aka kawo su ne tsadar man gas da ke tafiyar da injinan turakun sadarwa da faɗuwar darajar naira, tunda kusan duk kayan aikin da dala ake sayo su. Soke tsohuwar doka ba ya sauke farashin man gas. Inda sokewa za ta taɓa aljihunka shi ne haraji iri-iri da matakan gwamnati uku suke ɗora wa turke ɗaya, da irin harajin nan na kashi 5 cikin 100 a kan kira da data wanda Shugaba Bola Tinubu ya dakatar a watan Yulin 2023.

TAMBAYA: Malam, ina da shagon cajin waya, kuma na rataya ƙaramin talabijin a bango domin masu jira su riƙa kallon ƙwallo. Wasu samari sun zo da takarda mai hatimi suka ce in biya kuɗin lasisin rediyo da talabijin, in ba haka ba za su ɗauke akwatin. Da kuɗina na saya, kuma duk wata ina biyan kuɗin dikoda. Wannan halas ne a doka? Daga wani mai shago a Jihar Gombe.

AMSA: Ɗan'uwa, amsar ba za ta yi maka daɗi ba: harajin yana da tushe a doka. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, ya ambaci karɓar kuɗin lasisin rediyo da talabijin ƙarara. Daga Ingila muka gaji al'adar, inda tun a shekarun 1920 mai akwatin rediyo yake biyan kuɗin shekara domin a tafiyar da BBC ba tare da talla ba. Su da suka ƙirƙiro abin sun soke lasisin rediyo tun 1971, na talabijin kuma da suka riƙe, kuɗinsa gidan watsa shirye-shiryen yake tafiya, don haka mai biya ya san abin da ya saya. A nan kuɗin asusun ƙaramar hukuma yake shiga, idan ya shiga, alhali ƙaramar hukuma ba ta da tashar rediyo balle ta talabijin. Abin ya ƙara cakuɗewa domin dokar NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin, bayan gyaran da aka yi mata a 1999, ita ma ta ba hukumar ikon tara wannan kuɗi, sai dai duk inda doka ta ci karo da tsarin mulki, tsarin mulki ne a sama.

A ganina wannan haraji yana sahun gaba cikin abubuwan da ya kamata a soke. An tsara shi ne a zamanin da akwatin rediyo alama ce ta wadata kuma ana iya ƙirga masu shi a unguwa, yanzu kuwa wayoyin da ke jere a kan teburin cajinka kusan kowace tana kama tashar FM, wasu ma ana kallon ƙwallon a cikinsu, kuma babu mai neman lasisinsu. Abin da ya rage wa harajin shi ne ya zama hujjar tsayawa a ƙofar shagon mai ƙaramin ƙarfi, a yi ciniki a baki, a karɓi abin da ya samu ba tare da rasit ba. Cire shi daga tsarin mulki aiki ne mai tsawo, domin sai an samu kashi biyu cikin uku na kowace majalisar tarayya da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. Hanyar da ta fi kusa ita ce masu shaguna su matsa wa kansilolinsu da 'yan majalisar jiha a sauke adadin ko a daina bin ƙananan shaguna.

Kafin nan, kada ka yi sa-in-sa da su. Ka nemi katin shaidar aikinsu da takardar neman biya mai ɗauke da sunanka da adadin kuɗin, ka je sakatariya da kanka ka tabbatar adadin ya dace da abin da dokar ƙaramar hukumar ta tanada, ka biya a asusun hukuma, ka adana rasit. Ɗauke kayan mutum ba tare da bin matakan shari'a ba abu ne da lauya zai iya ƙalubalanta, kuma idan kuna da ƙungiyar masu caji, zuwa a ƙungiyance ya fi zuwa kai kaɗai.

TAMBAYA: Mu ƙungiyar matasa manoma ce. Muna son buɗe ƙaramar tashar FM da za ta riƙa ba masu noman rani na yankin Dadin Kowa bayani da harshen Tera da Fillanci da Hausa, kan farashin amfanin gona da lokacin sakin ruwa da maganin ƙwari. Wani ya ce zai haɗa mana ƙaramar na'urar watsa shiri da kuɗi kaɗan, wadda ba za ta wuce garuruwan kusa ba. Sai mun nemi izini? Daga sakataren wata ƙungiya, Deba.

AMSA: Malam sakatare, Allah ya yi wa wannan niyya albarka, amma kada ku kunna na'urar nan ba da lasisi ba, komai ƙanƙantarta. Dokar wayar iska ta 1961, wadda har yau take cikin kundin dokokin tarayya, ta hana kafa na'urar watsa saƙo ta iska ba da izini ba, sashe na 39 na tsarin mulki kuma, wanda ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa da mallakar kafar yaɗa labarai, shi ne dai ya togace rediyo da talabijin, ya ce ban da gwamnatin tarayya da ta jiha babu mai kafa su sai wanda Shugaban Ƙasa ya amince masa.

A cikin wannan hani akwai abin da ya tsufa, akwai kuma wanda bai tsufa ba, kuma yana da kyau ku rarrabe su. Raba zangon iska bai tsufa ba kuma ba zai tsufa ba. Tashoshin FM suna zaune ne tsakanin mita 87.5 da 108, daga 108 zuwa sama kuma na'urorin saukar jiragen sama da maganar matuƙa ne suke aiki. Na'urar da aka haɗa a shago, wadda ba a tace siginarta yadda ya kamata ba, tana iya malala ta danne tashar maƙwabta, ko ta kutsa cikin zangon da jirgin da ke shirin sauka a filin jirgin saman Gombe da ke Lawanti yake dogara da shi. Dole a samu hukumar da za ta ce wannan zango naka ne, wancan na wane ne, kuma ga iyakar ƙarfin da za ka yi amfani da shi.

Abin da ya tsufa shi ne cewa takardar ƙungiyar manoma ta Deba sai ta jira amincewar fadar Shugaban Ƙasa. Wannan sharaɗi gadon zamanin da gwamnati take ɗaukar rediyo a matsayin makami ne, zamanin da duk mai juyin mulki yake fara kama gidan rediyo kafin ya kama kowa. Har zuwa dokar soja mai lamba 38 ta 1992, wadda ta kafa NBC, babu tasha mai zaman kanta ko ɗaya a ƙasar nan. Raypower ta fara aiki a Legas a 1994, Freedom Radio ta fara a Kano a 2003, amma tashoshin al'umma irin wadda kuke nufi sai a 2015 aka ba 17 daga cikinsu lasisi a karon farko, alhali maƙwabciyarmu Nijar tun ƙarshen shekarun 1990 take da gidajen rediyon karkara. Masu kare tsaurin suna kawo misalin Ruwanda, inda wata tasha ta rura wutar kisan ƙare dangi a 1994, kuma ba zan raina wannan tsoro ba a jiha mai harsuna da addinai irin tamu. Sai dai tashar Ruwandan ta makusantan masu mulki ce, ba ta talakawan ƙauye ba, kuma a yau yaro mai waya ɗaya yana iya magana kai tsaye a Facebook ya kai ga mutanen da suka ninka masu sauraron tasharku, ba tare da ya cike takarda ko ɗaya ba. Tsaurin ya koma kan masu adireshi da shugabanni da za a iya kira a tuhuma, ya bar waɗanda ba a san inda suke ba. Abin da ya dace shi ne a bar wa NBC ikon ba da lasisin ƙananan tashoshi da kanta, a sa mata wa'adin amsa, idan ta ƙi kuma ta faɗi dalili a rubuce. Ita ma hukumar tana buƙatar iyaka, kuma kotu ta fara sa mata: a watan Mayun 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke cewa NBC ba kotu ba ce da za ta ci tarar tashoshi, ta kuma soke tarar naira 500,000 da hukumar ta ɗora wa kowace ɗaya daga cikin tashoshi 45 a 2019.

Abin yi a yanzu shi ne ku yi wa ƙungiyarku rajista a hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, CAC, a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba, ku samu goyon bayan masu unguwanni da hakimai da ƙungiyoyin mata a rubuce, sannan ku nemi lasisin rediyon al'umma a NBC. Ku sani cewa dokar hukumar ta hana ba jam'iyyar siyasa ko ƙungiyar addini lasisi, don haka kada ku bari ɗan takara ya saya muku na'ura. Yayin da kuke jira, ku sayi rabin awa a mako a ɗaya daga cikin tashoshin da ke Gombe, ku kuma naɗi shirin ku raba ta WhatsApp da katin memori ranar kasuwa.

TAMBAYA: Ni malamar firamare ce. A ƙauyen da nake koyarwa babu sabis sai an hau tudun bayan makaranta, can ma sai a ɗaga wayar sama. Mai POS ɗinmu a kan tudun yake zama da lema. An ce mana dokokin gwamnati ne suka hana kamfanoni zuwa. Gaskiya ne? Daga wata malama a yankin Dukku.

AMSA: Malama, akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma ba ita ce duka ba. Turken sadarwa ba ya aiki shi kaɗai. Sai an haɗa shi da sauran duniya, kuma hanya mafi inganci ita ce wayar fayiba da ake binnewa a gefen titi. Duk mitar da aka haƙa, kamfani yana biyan gwamnatin da ke da titin kuɗin izinin wucewa. A 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta amince a tsayar da kuɗin a naira 145 kowace mita, amma jihohi da yawa suka yi biris, wasu suna karɓar dubbai. A 2020 Ministan Sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, wanda ɗan jihar nan ne, ya sake tayar da maganar a gaban gwamnoni, kuma a wannan shekarar Ekiti ta sauke nata daga naira 4,500 zuwa 145, Kaduna kuma ta yafe gaba ɗaya. Ki lissafa da kanki: nisan kilomita 50 a kan naira 145 ya kama naira miliyan 7 da dubu 250, a kan naira 4,500 kuma ya kama naira miliyan 225, tun ba a sayi wayar ba, ba a biya leburori ba. Jihar da ta nace a kan babban adadin takan tashi a tutar babu, domin kamfanin sai ya fasa haƙan, ta rasa kuɗin izinin, ta kuma rasa harajin kasuwancin da intanet zai kawo.

To amma ko da an yafe kuɗin gaba ɗaya, kamfani zai zauna ya ƙirga mutanen ƙauyenku da katin da za su iya saye a wata, ya kwatanta da kuɗin man gas ko na farantan sola da batura da mai gadi. Idan lissafin bai fita ba, ba zai zo ba, ko da babu doka ko ɗaya a gabansa. Saboda irin ƙauyenku ne dokar 2003 ta kafa asusun USPF a ƙarƙashin NCC, wanda aikinsa shi ne tallafa wa kai sadarwa wuraren da riba ba za ta kai ta ba. Nan ga doka da ba sokewa take buƙata ba, aiwatarwa take buƙata. Akwai ma inda ƙarin doka aka rasa, domin masu aikin titi suna yawan tsinke wayoyin da aka binne, garuruwa su kwana babu sabis, kuma sai a 2024 aka fitar da umarnin Shugaban Ƙasa da ya sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin da taɓa su laifi ne.

Shawarata ita ce dagacinku da shugaban makaranta da mai kula da asibitin shan-magani su rubuta takarda ɗaya mai ɗauke da sunan ƙauyen da ƙiyasin yawan jama'a da ranar kasuwa da nisan turke mafi kusa, a aika wa NCC da ɗan majalisarku na tarayya, a riƙe kwafi. Takarda mai alƙaluma ta fi ƙorafin baki saurin samun amsa.

TAMBAYA: An rufe mini layi saboda lambar NIN, na yi kwanaki ina sintiri kafin a buɗe. Ga kuma saƙonnin talla da cire kuɗi ba gaira ba dalili. Me zai hana a soke duk waɗannan dokoki a huta? Daga wani dattijo, Bajoga.

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma, ya kuma ba da haƙuri. Haɗa layi da NIN ba tsohuwar doka ba ce, a watan Disambar 2020 aka fara ta, kuma aibinta yana wajen aiwatarwa ne: ƙarancin cibiyoyin rajista a karkara da sunayen da aka rubuta da bambancin harafi tsakanin takarda da takarda. Saƙonnin talla da cire kuɗi kuwa, idan aka soke ƙa'idojin NCC ƙaruwa za su yi. Ka sa a rubuta maka STOP a tura zuwa 2442 domin a rufe tallan, idan kuma an cire maka kuɗi ka fara kai ƙara wurin kamfanin ta lambar 300, ka karɓi lambar ƙorafi, in ba su gyara ba ka kira NCC a 622, kyauta ne.

TAMBAYA: Tunda kowa ya san akwai dokokin da suka tsufa, alhakin wa ne ya soke su, kuma me ya sa ba a yi? Daga wata 'yar jarida mai neman ƙwarewa, Kaltungo.

AMSA: Malama, tsarin mulki ya sa gidan waya da tarho da raba zangon iska cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai take yi wa doka, don haka majalisar jiha ba ta da ikon taɓa dokar 1961 ko ta NBC. Jihar Gombe tana da sanatoci uku da 'yan Majalisar Wakilai shida, kuma kowanensu yana iya gabatar da ƙudurin sokewa. Ƙa'idojin da hukuma ta yi da kanta kuwa, ita ce take iya janye su; dokar 2003 ta ba NCC ikon sake duba ƙa'idojinta da soke waɗanda suka daina amfani, ta kuma wajabta mata jin ra'ayin jama'a kafin ta yi sabuwa. Hanya ta uku ita ce kotu, sai dai kotu tana iya kashe ƙarfin doka ba tare da ta goge ta daga littafi ba. A 1983 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke, a shari'ar Arthur Nwankwo da aka ɗaure saboda sukar gwamnan Anambra na lokacin, cewa dokar tunzura jama'a da Turawan mulkin mallaka suka bari ta saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, amma sassanta suna nan a kundin laifuka. Haka dokar sirrin gwamnati ta 1962 take zaune gefe da gefe da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, kuma duk da cewa ta bayan ce ke rinjaye idan sun ci karo, za ki tarar da jami'in da zai fake da ta farkon ya hana ki takardar da kike da haƙƙin gani. Nan haɗarin barin irin wannan doka a littafi yake: ɗan sandan da ya kama ki da ita ba ya karanta hukuncin 1983, kuma kafin alƙali ya sallame ki kin riga kin kwana a tsare.

Dalilin jinkirin ba ɓoyayye ba ne. Kusan kowace tsohuwar doka tana da ofishin da ke karɓar kuɗi da ita ko mai mulkin da ke jin daɗin ajiye ta don ranar buƙata, waɗanda take cutarwa kuma a warwatse suke. Dubi dokar hukumar gidan waya, NIPOST, ta 1992, wadda ta bar hukumar tana kai saƙo kuma tana ba abokan gogayyarta lasisi. A watan Yulin 2020 ta ƙara kuɗin lasisin kamfanonin kai saƙo har masu babura suka yi ca, sai da minista ya dakatar da ƙarin. Ga kuma rashin tsarin tacewa, domin rabon da a tattara dokokin tarayya a kundi ɗaya tun bugun 2004. Indiya ta yi fama da irin wannan gado, sai a 2023 ta yi dokar da ta maye gurbin dokar tangarahonta ta 1885 da ta wayar iska ta 1933.

Duk da haka ana samun canji idan an dage. Dokar soja mai lamba 4 ta 1984, wadda aka ɗaure 'yan jaridar Guardian biyu da ita, an soke ta a 1985. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda ya mai da saƙon da ya ɓata wa wani rai laifi kuma aka yi ta kama 'yan jarida da shi, Kotun ECOWAS ta yanke a 2020 cewa ya tauye 'yancin magana, a 2024 kuma majalisa ta taƙaita shi, ko da yake abin da ya rage a cikinsa game da labarin ƙarya har yanzu yana da faɗin da za a iya fakewa da shi. Wannan ma ya nuna miki cewa doka mai shekara tara tana iya fin mai shekara sittin cutarwa.

Idan kika ji kwamitin majalisa ko NCC ko NBC sun sanar da zaman jin ra'ayin jama'a, kina da damar aika takarda ko da ba ki je Abuja ba. Ki ambaci sunan dokar da shekararta da lambar sashen, ki kawo misali ɗaya tabbatacce na wanda sashen ya cutar, ki faɗi ko sokewa kike nema ko gyara, idan gyara ne ki rubuta kalmomin da kike son a sa a madadin na yanzu, sannan ki nemi reshen ƙungiyar 'yan jarida na jiha ya sa hannu tare da ke.